Wai Musulmai ne suka ɗora Sadiq Khan a Landan, kuma ƙarfinsa ya kai na gwamna?

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ya ce kullum yana ganin Trump yana caccakar magajin garin Landan Sadiq Khan, wasu kuma na cewa ai Musulmai ne suka cika garin shi ya sa yake ta lashe zaɓe, to wai wane ne mutumin, ya aka yi ya kai nan, ikonsa kamar na gwamna ne ko na ciyaman, kuma zai iya zama firaminista?

Toh ɗan'uwa, harkar gudanar da birane ita na karanta kuma ita nake koyarwa, na kuma yi zaman wasu shekaru a kudancin Landan ba nisa da unguwarsu, don haka gyara zama, amsar za ta ɗan yi tsawo.

Sunan ma shi ya fara rikita mu. Mu a wajenmu magajin gari sarauta ce, da ka ji an ce Magajin Garin Sakkwato ko na Zazzau rawani kake hangowa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu gane abin, don su suna da magajin garin Yamai da na Damagaram a matsayin muƙamin gwamnati. Na Landan ɗan siyasa ne da ake zaɓa duk shekara 4, kuma kujerar ma ba ta daɗe ba, a 2000 aka ƙirƙiro ta zamanin Firaminista Tony Blair, bayan Firaminista Margaret Thatcher ta rushe tsohuwar hukumar birnin a 1986 garin ya zauna shekara 14 babu shugaba guda. Mutum uku kacal suka taɓa hawa: Ken Livingstone, Boris Johnson, sai shi Sadiq. Akwai wani daban da ake kira Lord Mayor, mai alkyabba da sarƙar zinare, wannan na tsohon cikin gari ne inda bankuna suke, shekara ɗaya yake yi kuma yawanci aikin biki da karɓar baƙi ne, kar ka haɗa su.

Batun ƙarfi kuwa, gwamnan Najeriya ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Landan tana da mutum wajen miliyan 9, an raba ta ƙananan hukumomi 32 ban da wancan tsohon cikin garin, kuma su ne ke kwashe shara, su ke kula da makarantu, su ke raba gidajen haya na hukuma, su ke kula da tsofaffi da marayu, kuma magajin gari ba shi da ikon ya tashi da safe ya rushe kansilolinsu ya naɗa kantoma. Asibitoci na gwamnatin ƙasa ne. Haraji mafi yawa gwamnatin ƙasa ke karɓa. Abin da ke hannunsa sosai shi ne sufuri, wato bas-bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da manyan tituna, a ƙarƙashin hukumar TfL wadda shi ne shugabanta. Sai tsarin gine-gine na garin baki ɗaya, da 'yan kwana-kwana, da kasafin kuɗin 'yan sanda. Amma shugaban 'yan sandan ba shi ke naɗawa ba, ministan cikin gida ne ke zaɓa bayan ya ji ta bakinsa. A kansa akwai majalisa mai mutum 25 da ke titsiye shi da tambayoyi, sai dai kafin su canza masa kasafi sai sun haɗa kashi biyu cikin uku, abin da da wuya ya samu. Riƙe wannan da kyau, don duk tarihin mutumin nan a kai yake tafiya: inda yake da iko ya matsa har ya ɓata wa mutane rai, inda ba shi da iko kuma nan ne ya fi shan zagi.

An haife shi ranar 8 ga Oktoba 1970 a Tooting, shi ne na 5 cikin 'ya'ya 8, maza bakwai mace ɗaya. Iyayensa daga Pakistan suka zo a 1968, kakanninsa kuma daga Indiya suka ƙaura Pakistan lokacin rabuwar 1947. Babansa Amanullah direban bas ne, shekara 25 yana tuƙi, yana jan lamba 44 wadda har gobe tana bi daga Victoria zuwa Tooting, mamarsa kuma ɗinki take yi a gida. Mutum goma a gidan hukuma mai ɗaki uku a rukunin gidajen Henry Prince da ke Earlsfield, shi da bakinsa ya ce har ya kai shekara 24 a gado mai hawa biyu yake kwana. Ya koyi dambe shi da 'yan'uwansa, don a lokacin yaro ɗan Asiya a kudancin Landan idan bai iya kare kansa ba ya shiga uku. Likitan haƙori ya so zama, wani malaminsu ya ce masa kai da gardamar nan taka ai lauya ya dace da kai, shikenan ya karkata ya karanta shari'a a jami'ar arewacin Landan, ba Oxford ba, ba Cambridge ba, wanda a siyasar Birtaniya wannan kaɗai babban bambanci ne. Mahaifin ya rasu a 2003, bai ga ɗansa ya shiga majalisa ba.

Aikin lauyan da ya yi daga 1994 zuwa 2004 na kare haƙƙin ɗan'adam ne, yawanci ƙarar 'yan sanda kan cin zarafi da wariya, ya kuma shugabanci ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Liberty shekara 3. Shi ne ma ya tsaya wa Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam ta Amurka, a 2001 lokacin da yake neman a ɗage masa takunkumin shiga Birtaniya, suka ci a babbar kotu, aka soke a ɗaukaka ƙara. Irin waɗannan shari'o'in ne daga baya abokan hamayya suka tono suna cewa ga shi nan yana zama da masu tsattsauran ra'ayi, alhali lauya ai ba tsarkaka yake karewa ba, wanda ake tuhuma yake karewa.

Siyasa kuma daga ƙasa ya faro ta. Yana shekara 15 ya shiga jam'iyyar Labour, ya yi kansila a Wandsworth daga 1994 har 2006, ya ci ɗan majalisar Tooting a 2005. Wata biyu da zaɓensa aka kai harin bam na 7 ga Yuli a Landan, kwatsam sabon ɗan majalisa Musulmi ya zama wanda kowane gidan talabijin ke nema. A shekarar ya bijire wa Blair kan dokar tsare wanda ake zargi da ta'addanci kwana 90 ba tare da an kai shi kotu ba. Firaminista Gordon Brown ya ba shi ƙaramin minista a 2008, a 2009 ya zama minista a ma'aikatar sufuri, Musulmi na farko da ya riƙa halartar zaman majalisar ministoci. Akwai labarin da yake yawan bayarwa, wai da za a rantsar da shi cikin mashawartan Sarauniya aka bugo daga fada ana tambaya da wane littafi zai rantse, ya ce Alƙur'ani, suka ce ba su da shi, sai ya zo da nasa ya kuma bar musu saboda na baya. A 2010 shi ya jagoranci kamfen ɗin Ed Miliband har ya kayar da yayansa David a takarar shugabancin jam'iyya, kuma a nan 'yan Labour suka gane mutumin nan ya iya lissafin ƙuri'a. A 2015 kowa ya ɗauka tsohuwar minista Tessa Jowell ce za ta samu tikitin takarar magajin garin Landan, sai ga shi ya kwashe da wajen kashi 59.

Yanzu ga maganar Musulmai. A ƙidayar 2021 Musulmin Landan kashi 15 cikin 100 ne, wajen mutum miliyan 1.3 kenan, har da jarirai da waɗanda ba su da takardar zaɓe. A zaɓen 5 ga Mayu 2016 Sadiq ya samu ƙuri'a 1,310,143. Ka ga kenan sai dai in har na goye ma sun dangwala, kuma duk shi suka yi. Gaskiyar magana Landan gari ne da ya karkata ga Labour, matasa ne, 'yan haya ne, masu digiri ne, baƙi ne daga ko'ina, kuma abokin takararsa Zac Goldsmith, ɗan attajiri da ya yi makarantar Eton ta 'ya'yan manya, shi ya yi wa kansa illa. Maimakon ya yi maganar gidaje da kuɗin mota sai kamfen ɗinsa ya koma nuna cewa Sadiq haɗari ne ga tsaro, har aka buga rubutunsa a jarida da hoton bas ɗin da aka tarwatsa a 2005, manyan jam'iyyarsa ta Conservative da kansu wasu suka fito suka ce wannan abin kunya ne. Shi kuwa Sadiq duk inda ya tsaya sai ya ce ni ɗan direban bas ne, har 'yan jarida suka mayar da abin barkwanci, amma ta biya, kashi 57 da 43 aka tashi. Ya kuma zaɓi a rantsar da shi a majami'ar Southwark da shugabannin addinai daban-daban a wurin, da gangan ya yi, saƙo ne.

Abin da ya fara yi da ya hau shi ya fi nuna maka waye shi. Bas a Landan ba a biyan tsabar kuɗi, kati kake dangwalawa a wani faifai ruwan ɗorawa kusa da direba ya yi ƙara ɗin nan. Da can duk bas ɗin da ka hau sabon kuɗi ne, fam 1.50, to mai sharar ofis da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba tana canza bas biyu ko uku kafin ta isa, lissafa ka gani a wata. A Satumbar 2016 ya kawo tsarin da in ka sake hawa cikin awa ɗaya kyauta ne, a 2018 ya mayar da shi ko sau nawa ne cikin awar. Ni kaina ranar farko da na dangwala a bas na biyu na duba na ga ba a cire komai ba sai da na sake dubawa. Ya kuma daskarar da kuɗin mota shekara 4, ko da yake a nan ya ɗan yi wayo irin na 'yan siyasa, don tikitin mako da na wata da ake haɗawa da jiragen da ba nasa ba sun ci gaba da tashi, masu zuwa daga nesa suka ce an yaudare su, kuma suna da gaskiya. Ya janye hannu daga gadar lambu da Boris ya so ginawa a kan kogin Thames bayan an kashe sama da fam miliyan 50 ba a kafa ko ginshiƙi ba, motocin feshin ruwa guda uku na tarwatsa zanga-zanga da Boris ya sayo kwance daga Jamus kuma, waɗanda da saye da gyara suka ci sama da fam dubu 300 ba a taɓa amfani da su ba, aka sayar wa 'yan gwangwan a kan fam dubu 11.

Daskarar da kuɗin nan ya zo ya cije shi. Gwamnatin ƙasa ta riga ta yanke tallafin da take ba TfL, sabon layin jirgi na Elizabeth da aka ce za a buɗe Disambar 2018 bai buɗe ba sai Mayun 2022, sai ga korona, fasinja suka ɗauke, kuɗin shiga ya faɗi da wajen kashi 90. Dole ya je da ƙoƙon bara wajen gwamnatin Boris, wanda ya gada kuma ba sa ga maciji, aka riƙa ba shi kuɗi guntu-guntu da sharuɗɗa. Duk da haka a zaɓen da aka ɗage zuwa 2021 ya kayar da Shaun Bailey, amma ratar ta ragu, 55 da 45.

Babban faɗansa dai hayaƙin mota ne. Shi kansa asma ta kama shi da girmansa, bayan ya yi ta atisayen gudun fanfalaƙin Landan na 2014 a gefen tituna. Akwai kuma yarinya 'yar shekara 9 mai suna Ella, 'yar Lewisham, gidansu dab da babban titi, asma ta kashe ta a 2013, mahaifiyarta ta yi ta fafutuka har a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko kenan da aka rubuta haka a Birtaniya. Tsarin cajin motoci masu hayaƙi da ake kira ULEZ asali Boris ne ya sanar da shi, Sadiq ya matso da shi Afrilun 2019, ya faɗaɗa a Oktoban 2021, sannan ranar 29 ga Agusta 2023 ya shimfiɗa shi a kan Landan gaba ɗaya. Dokar ita ce in motarka tsohuwa ce, mai fetur da ta girmi wajen 2006 ko mai dizal da ta girmi wajen 2015, duk ranar da ka motsa ta fam 12.50, kyamara ce ke ɗaukar lamba, in ka manta tara fam 180.

A takarda abin lafiya lau. Amma da na koma ziyara ƙarshen 2023 na sauka wajen wani tsohon maƙwabcina, Bahaushen zangon Kumasi ne, gadi yake yi da dare, motarsa dizal ce ta 2012 da ya lallaɓa ya saya. Ya zaro waya ya nuna min, ya ce Malam duba nan, ranarsu daga sha biyun dare take farawa zuwa sha biyun dare, ni kuma ƙarfe goma nake fita in dawo shida na safe, kenan aiki ɗaya biya biyu, fam 25. An ce ya kai motar a murƙushe a ba shi fam 2,000, ya ce to wace mota zan saya da shi? Ƙarshe dai ya ajiye ta ya koma bas ɗin dare. Mutumin nan sallah ɗaya suke yi da Sadiq, amma ranar ban ji wanda ya zage shi kamarsa ba. Ra'ayina, a kan iskar Sadiq ya yi daidai, kuma ya yi jarumta, don hatta shugaban jam'iyyarsa Keir Starmer ya ja da baya bayan Labour ta faɗi zaɓen cike gurbi na Uxbridge da ƙuri'a 495 kacal aka ɗora laifin a kan ULEZ, ƙananan hukumomi biyar na Conservative suka kai shi kotu suka sha kaye, wasu suka riƙa fita da dare suna sare kyamarori, bai janye ba. Inda ya yi kuskure shi ne lokacin, ana tsakiyar tsadar rayuwa, kuma bai buɗe tallafin canza mota ga kowa ba sai ana saura kwanaki a fara.

'Yan sanda kuwa nan ne rauninsa. Lauyan da ya yi suna wajen ƙarar 'yan sanda ya zo yana rattaba hannu a kasafinsu, kuma a zamaninsa ne wani ɗan sanda mai ci ya sace Sarah Everard ya kashe ta a Maris 2021, a shekarar kuma matasa 'yan ƙasa da shekara 20 har 30 aka kashe a garin, yawanci da wuƙa. A Fabrairun 2022 ya ce ya daina amincewa da shugabar 'yan sanda Cressida Dick, ta ajiye aiki, wani bincike da gwamnati ta sa aka yi ya ce bai bi ƙa'ida ba, shi kuma ya ce binciken son kai ne. Rahoton Louise Casey na 2023 ya ce wariyar launi da raina mata sun yi katutu a rundunar. Kullum amsarsa ita ce gwamnatin Conservative ce ta zaftare kuɗin 'yan sanda da na cibiyoyin matasa tun 2010, kuma haka ne, amma wanda aka fizge wa waya a titin Oxford ba wannan yake son ji ba, kuma mutumin da ya shekara takwas yana cewa laifin gwamnati ne, tun Yulin 2024 jam'iyyarsa ce gwamnatin. Gidaje ma haka, ya cika alƙawarin fara gina masu rahusa 116,000 zuwa 2023, amma aza harsashi daban, miƙa makulli daban, haya kuma sai hawa take.

Rigimarsa da Trump ba sai na ja ta ba. Ta faro tun Trump na kamfen yana cewa zai hana Musulmi shiga Amurka, ta yi zafi bayan harin gadar Landan na Yunin 2017 da Trump ya yanko rabin maganarsa ya juya ta, sai Sadiq ya ba masu zanga-zanga izinin tashin balan-balan ɗin Trump jariri a 2018. A Satumbar 2025 Trump ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wai Landan na son komawa shari'ar Musulunci. In ka tuna ikon kujerar da na lissafa maka, mutumin da ko ranar kwashe shara ba shi ke sawa ba, ina ya ga ikon canza dokar ƙasa? A siyasance ma zagin Trump riba ce gare shi a Landan.

Kuma kar mu ma mu ruɗi kanmu ta ɗaya ɓangaren. Mutum ne mai azumi, ba ya shan giya, shi ya kunna fitilun Ramadan na farko a tsakiyar Landan a 2023, ya kuma riga Starmer kiran a tsagaita wuta a Gaza tun Oktoban 2023. Amma a 2013 ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da auren jinsi, har aka yi masa barazanar kisa, kuma yana halartar bikinsu na shekara-shekara. Ɗan Labour ne mai sassaucin ra'ayi wanda yake Musulmi, ba wakilin Musulmi ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Masu ƙyamar Musulunci na ganin ya cika Musulunci, wasu Musulmin na ganin ya yi sako-sako, tsaron da ake ba shi kuwa irin na manyan shugabannin ƙasa ne saboda yawan barazana.

A zaɓen Mayun 2024 an yi amfani da sabon tsari na zagaye ɗaya, wato wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, da yawa sun ce ULEZ za ta kayar da shi, sai ya ci Susan Hall da kashi 43.8 da 32.7, ya zama na farko da ya yi uku. A ganina abincin rana kyauta da ya fara ba duk 'yan firamaren gwamnati a Satumbar 2023 ya taimaka masa fiye da duk wani jawabi, don wannan uwa a aljihunta take ji. Farkon 2025 aka ba shi lambar Sir, a Yulin shekarar kuma ya zo Legas da Accra neman hulɗar kasuwanci.

Firaminista kuwa, doka ba ta hana Musulmi ba, Rishi Sunak ma ai Hindu ne ya yi. Sai dai a Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye, sai kana majalisar wakilai kuma jam'iyyarka ta ɗora ka shugaba, shi kuwa ya ajiye kujerar Tooting tun 2016. Boris da ya bi wannan hanyar sai da ya koma majalisa a 2015 tun yana magajin gari, ya yi ministan harkokin waje, sannan ya kai a 2019. Kuma abin da ke sayar da Sadiq a Landan, son Tarayyar Turai da maraba da baƙi da yaƙi da hayaƙin mota, shi ne ainihin abin da ke kayar da mutum a ƙananan garuruwan arewacin Ingila. Kujerar da yake kai dai ba ta da iyakar wa'adi, zaɓe na gaba kuma Mayun 2028 ne.